Fuskar da Gishiri Ya Cinye

A garin Tahua, duk wanda bai haura shekara talatin ba, Malam Sabino Ayaviri ne ya ɗauki hotonsa na yarinta. Kuma duk a wuri ɗaya, jikin bangon coci, ta gefen inuwa. In ka zaga gidajen garin kana duban hotunan da aka rataye, sai ka rantse cocin ce take haifar 'ya'yan. Filin gishiri kuwa, ga shi nan a bakin gari, shimfiɗe har inda ido zai gaji, amma ko da wasa Sabino ba ya kai yaro can. Iyaye sun roƙa, sun yi fushi, sun haƙura. Malam ne da ya koyar da rabin garin karatu, wa zai ja da shi?

Dalilin yana nan rataye a ɗakinsa, saman gado, kusa da gicciye.

Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, yana sabon malami kansa na hayaƙi, ya sayo kyamara a birnin Iquique, irin mai 'yar allurar auna haske a cikin ramin leƙawa. Mai kantin ya ce masa abin ba wuya: ka juya zoben nan har allura ta tsaya a tsakiya, ka danna, shi ke nan. A lokacin ɗansu na fari, Nicasio, ya cika shekara biyu, ana shirin yi masa rutucha, askin farko. A gidan su Fermina, matarsa, almakashi ba ya taɓa kan yaro sai an kai shi kan gishiri an nuna wa Tunupa shi, dutsen da ke tsaye a bayan gari, tunda a wurinsu Tunupa uwa ce, kuma kowa ya san gishirin nan nononta ne da ya malala. Sabino ya zaɓi rana tsaka. A hankalinsa da na duk mutanen Tahua, hoto haske yake so, to wane haske ne ya kai na gishiri da tsakar rana? Ya tsayar da yaron, ya juya zobe har allura ta zauna daram a tsakiya, ya danna, yana jin kansa wani gwani.

Aka aika fim birnin Oruro a wanke. Mako bakwai ya yi kafin ya dawo. A mako na huɗu tari ya kama Nicasio, kwana biyar ya yi yana fama, aka binne shi a bayan coci.

Da ambulan mai ɗauke da hoton ta iso, Fermina ce ta yage ta. Gishiri ya fito toka-toka, yaro kuma baƙi ƙirin, kamar an ɗiga tawada a takarda. Ga tulin gashi, ga ƙafafu, ga hannu ɗaya a ɗage. Fuska babu. Fermina ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba, da ma ta zage shin da ya fi masa sauƙi. Ta sa hoton a gilashi ta rataye. Sai bayan shekara shida, wata rana tana sheƙar hatsin kinuwa a tsakar gida, ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Sabino, na manta kamanninsa. Ina rufe ido, baƙin nan kawai nake gani." Shi ma hakan ce ta same shi, amma bai iya faɗa mata ba.

Ya je Oruro takanas, ya sami tsohon da ke wanke hotunan, ya ce a sake buga masa ko za a ga wani abu. Tsohon ya ɗaga fim ɗin ga taga, ya girgiza kai. Wurin fuskar wayam yake, haske bai taɓa shi ba balle a fito da shi.

"Allurar nan jaka ce, Malam," in ji tsohon. "Ba ta san yaro ba, ba ta san gishiri ba. Ita dai burinta komai ya fito launin toka. Ta ga fari fat, ta firgita, ta ce ka tsuke idon kyamara, kai kuma ka bi ta. In fuska kake so, ka matsa har fuskar ta cika maka ido, ka auna a nan, ka ja da baya. Daga nan ko allura za ta yi tsalle ta faɗo ƙasa, kada ka kula ta."

Sabino ya haddace wannan karatu, har ya koyi wanke hoto da kansa a ɗakin ajiyar dankali. Amma ya koma jikin bangon coci ya lafe, inda haske yake da ladabi. Tsoron gishiri yake yi, ba wani abu ba.

To, a damina ta bana sai ga Lucila, 'yarsu tilo, ta iso daga birnin Buenos Aires a ƙasar waje, inda ita da mijinta Wilfredo suke ɗinki. Sun zo da ɗansu Damián, ɗan shekara biyu da rabi, gashinsa ya cukurkuɗe har kafaɗa, don a yi masa rutucha a gida. Kwana huɗu kacal za su yi. Sun sami takardun zama a can, kuma Lucila ba ta ɓoye ba, ta ce ba ta san ranar da za su sake zuwa ba.

Ita kuwa Fermina, gishiri ya riga ya ci idanunta. Yanar ido ta rufe su, a waje ba ta ganin komai sai inuwar mutane, sai a cikin ɗaki, in ta kawo abu daf da hancinta, take iya rarrabewa. Shi kuma ɗan banzan yaron nan ƙyuya gare shi ta fitar hankali. Da kakarsa ta miƙo hannu sai ya cusa fuska cikin siket ɗin uwarsa ya ƙwalla ƙara. Ta ba shi gasasshiyar masara, ya karɓa ta baya. Ta lallaɓa yana barcin rana, ta tarar a kife yake kwana, hanci cikin bargo. Kwana uku jikanta yana gidanta, ba ta ga fuskarsa ba.

Ranar ta uku da safe, suna shan shayi, ta ce, "Tsoho, yau za a kai shi gaban Tunupa. Ka ɗauko akwatinka."

"In mun dawo sai mu biya ta coci," in ji Sabino.

"Ba coci na ce ba. A kan gishiri."

"Fermina…"

"Kai da bangon nan kamar ƙadangare! Gobe za a aske shi, jibi su tafi. Ni ba zan kai wani zuwan nasu ba, kada ma ka buɗe baki ka ce zan kai. Gishirin nan ya cinye mini fuska ɗaya, ina so in ga ya ba ni ɗaya. Ka bar mini wadda zan riƙa kawowa kusa da hancina ina kallo."

Sabino ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya duba kyamara. Saura ɗauka uku a fim ɗin, kuma tunda ruwa ya kwanta a kan gishiri motar da ke zuwa daga garin Uyuni ba ta tsallakowa, babu inda zai sami wani.

Wilfredo, wanda ya ji komai, ya zaro wata 'yar kyamara baƙa daga aljihu yana murmushi. "Baba, kada ka wahalar da kanka. Wannan ita take tunani da kanta, kai dai ka danna. Mu tafi yanzu tun rana na da ƙarfi."

"Tawa ma ta taɓa yin tunani da kanta," in ji Sabino. "Sai la'asar."

"La'asar? Ai haske ya tafi!"

"Kai ɗinki ka sani, suruki. Ni na taɓa gaya maka inda za ka sa aljihu?"

Lucila ta tuntsire da dariya, Wilfredo ya mayar da kayarsa aljihu yana ƙunƙuni.

Da la'asar sakaliya suka gangara su biyar. Sabino an haife shi a bakin gishirin nan, ya gan shi sau dubu nawa, amma da suka fito daga tsakanin katangun duwatsu sai da ya ja ya tsaya. Iska ta ɗauke ɗif. Ruwan da ya kwanta bai wuce idon sawu ba, kuma ko motsi ba ya yi, sai ya zama sama biyu ce, ɗaya a bisa ɗaya a ƙasa, ba ka iya nuna inda suka haɗu. Gizagizai sun yi tsibi-tsibi a ƙarƙashin ƙafafunsu. Tunupa tana tsaye da jan kanta, ga ta kuma a kife tana leƙen kanta. Wilfredo, sarkin surutu, ya cire hula ya yi alamar gicciye. Tsigar jikin Sabino ta tashi. Ya ji kansa ƙarami ƙwarai, shi da ɗan akwatinsa, wai ya zo ya auna wannan haske.

Fermina ta zuba ganyen koka a ruwa, ganyen da suke yi wa dutsen sadaka da shi, ta tsiyaya 'yar giyar masara, ta kira sunan Damián ga dutsen sau uku. Lucila ta kwance goyo ta cire wa yaron hula.

Sabino ya matso da kyamara zai auna kumatun yaron. Ina! Damián ya ga baƙin ƙarfe yana tunkaro shi, ya ƙanƙame wuyan uwarsa ya fasa kuka. Aka lallashe shi, Sabino ya sake matsowa, aka koma gidan jiya. Ya duba tafin hannunsa ko zai auna a kai, ya ga ya fi fatar yaron haske. Lucila kuwa zaman ɗakin ɗinki ya wanke ta, ta yi haske. Ya tsaya yana zufa cikin sanyi, rana na gangarawa. Sai idonsa ya faɗa kan Fermina. Yaron bai ɗauko hasken uwarsa ba, fatar kakarsa ya ɗauko sak.

"Tsohuwa, cire hula ki juyo nan. Aron fuskarki zan yi."

"Aron me? Ka haukace? Ni ka ga na yi kwalliya?"

"Ba ɗaukar ki zan yi ba, aunawa zan yi. Tsaya cak."

Ya matsa, ya ƙara matsawa, har fuskarta ta cika ramin leƙawa, ba gishiri ba sama. Rabon da ya dube ta kusa haka har ya manta. Ga tsagogin da rana ta yi mata a kumatu, ga farin da ya rufe ƙwayar idonta, ga leɓenta na ƙasa yana rawa, ita da take yi masa tsiya yanzun nan. Ashe tsoro take ji kamar shi. Tausayinta ya kama shi. Ya juya zobe, ya buɗe idon kyamara, ya ƙara buɗewa, sai da allura ta zauna a tsakiya.

"Ka gama ƙare mini kallo?" in ji ta.

"Na gama."

Ya ja da baya taki shida ya durƙusa a ruwa, don ya zo daidai tsawon yaron. Sanyi ya ratsa gwiwoyinsa. Da ya ɗaga kyamara gishiri ya shigo, allura ta yi tsalle ta buga can sama ta maƙale, tana cewa haske ya yi yawa, hoto zai ƙone. Yatsunsa da kansu suka kama zoben za su tsuke. Shekara talatin yana bin allurar nan a jikin bangon coci, ba ta taɓa yi masa ƙarya a can ba. Idan tsohon Oruro ne bai san gishirin Tahua ba fa? Idan wannan karon fari fat zai fito, ba yaro ba komai? Ya cije leɓe, ya janye yatsun, ya ce wa Lucila ta sauke shi.

Ƙafar Damián na taɓa ruwa ya zabura da gudu, yana fantsama. Sabino ya danna, ya san ƙeya ya ɗauka. Saura biyu.

"Damián! Dubi Baba! Dubi nan!" Wilfredo ya hau tafi yana tsalle. Yaron ya juyo wajen rana, ya runtse ido ya yamutsa fuska, daidai lokacin da yatsan Sabino ya sauka. Saura ɗaya.

"Wilfredo," in ji Sabino, "in ka sake tafa hannun nan, gobe da kai za a fara askin."

Ana haka gajimare ya rufe rana, haske ya sauya. Dole ya miƙe, wando sharkaf, ya koma ya sake auna fuskar Fermina, ya ƙara buɗe idon kyamara. Wannan karon ta tsaya masa cak. Ya kama hannunta ya tsayar da ita a bayansa, ya sake durƙusawa, ya ce kowa ya yi shiru, kada wanda ya kira yaron.

Damián ya gaji da gudu ya tsaya. Ruwan da ya dama ya kwanta a hankali, ya koma sumul. Yaron ya dubi ƙafafunsa, sai ya ga babu ƙasa. Gizagizai ne a ƙarƙashinsa, da sama mai zurfi, da wani yaro a kife yana kallon sa. Ya sandare. Bai yi kuka ba, numfashi ma kamar ya ɗauke. Ya buɗe hannuwa kamar mai tsoron faɗawa, ya ɗago kai a hankali, baki buɗe, idanu waje, yana neman wanda zai gaya masa ko shi ma ya ga abin da ya gani. Uwarsa tana gefe, ubansa yana baya. Wadda ke gabansa kakarsa ce. Ya miƙa mata hannu ɗaya. Hasken da ke tasowa daga gishiri ya shiga ƙarƙashin gashinsa, ya wanke fuskar tas.

Allura tana can sama tana ihu. Sabino ya danna.

"Me ya faru?" Fermina ta tambaya ƙasa-ƙasa. "Na ji kun yi tsit."

"Ke yake kallo."

Washegari aka yi rutucha, dangi suka bi layi kowa ya yanki nasa tukkun, Damián ya koma ƙwal kamar ƙwarya, yana ta shafa kai yana tsiwa. Kashegarin askin da sassafe baƙin suka hau motar Salinas. Fermina ta tsaya a bakin hanya tana ɗaga wa ƙarar inji hannu har ta ɓace.

Sabino ya wanke fim da ruwan sama da ya tara a randa, don na rijiya gishiri gare shi. Ya shanya, ya ƙi ɗaga shi ga taga, tsoro ya hana shi. Kwana biyu yana kewaye ɗakin dankali kamar bai san ƙofar ba. Rana ta uku da hantsi Fermina ta ce, "In ba za ka shiga ba, ba ni in kai Oruro da ƙafa." Ya toshe taga da barguna, ya jona batirin mota, ya kunna jan ƙwan fitila. Zai rufe ƙofa ke nan ta sa ƙafa ta shigo, ita da ba ta taɓa taka ɗakin ba tun da ya mayar da shi na hoto.

Ya haska fim a kan takarda yana ƙirga a zuci, ya zura takardar cikin tiren maganin wanke hoto, ya shiga girgiza shi a hankali. Fari. Har yanzu fari. Ya ce a ransa shi ke nan, ya ƙone. Sai ga ɗigo biyu sun ɓullo a tsakiyar takardar, idanu. Sai gashi, sai baki a buɗe, sai kumatu da tsagogin sanyi, sai ɗan hannu a miƙe. Gishiri bai fito ba, sama ba ta fito ba, Tunupa ma da ƙyar ake ganin alamarta. Yaro ne kawai tsaye cikin farin da ba shi da iyaka, shi da inuwarsa a kife, kuma ana iya ƙirga gashin idonsa. Sabino ya wanke dubban hotuna a ɗakin nan, amma yau sai da ya dafa bango. Ya ce, "Allah mai iko," bai ma san ya faɗa ba.

Ya ɗauraye hoton, ya ɗage gefen bargo ɗan haske ya shigo, ya miƙa mata shi yana ɗiga. Fermina ta kawo shi daf da hancinta. Ta bi shi daga goshi zuwa haɓa, ta koma sama, ta sake saukowa. Ta daɗe.

"To, ga ka nan, ja'iri," in ji ta. "Yau sai ka gudu in gani."

Ta yi 'yar dariya, sai dariyar ta tsaya. Ta ƙara matso da hoton.

"Goshin nasa ne," ta ce a hankali. "Amma hancin ba haka yake ba. Na Nicasio ya fi faɗi. Kuma kunnensa na hagu a ɗan lanƙwashe yake ta sama, kamar naka. Sabino! Yana da tabo a nan, ƙarƙashin leɓe, inda ya faɗi a kan dutsen niƙa…"

"A dama," in ji Sabino. Muryar da ta fito ba ta yi kama da tasa ba. "Tabon a dama yake. Kuma in zai yi dariya ido ɗaya yake fara rufewa."

"Na hagu."

"Na hagu."

Ruwa na ɗiga daga takardar a kan takalminta. Sabino ya rufe ido, ya jira baƙin nan da ya saba gani shekara talatin da ɗaya. Bai zo ba. Ɗansa ne a tsaye a kan gishiri da rana tsaka, hannu ɗaya a ɗage, ya rufe idon hagu zai yi dariya. Kuka ya ƙwace wa tsohon, irin na yara, har da shessheƙa.

Fermina ta lalubo hannun rigarsa ta riƙe, ba ta ɗauke ido daga hoton ba.

"Kada ka jiƙa mini shi da hawaye," ta ce, ita ma nata na zuba. "Je ka nemo ƙusa. Kusa da ɗan'uwansa za a rataye shi, amma ƙasa-ƙasa, daidai hancina."